Mari a Ƙafar Yaro

A da, a cikin birnin Kano, yaron da ya gagari iyaye har ya fara zare wuƙa, makarantar mari ake kai shi. Malam ya sa masa ƙarfe a ƙafa, ya ba shi allo, a wanke rubutu ya sha. Ina yaro na ga irinsu a wani zaure, suna jan ƙafa zuwa alwala. Wasu sun shiryu, amma bulala da yunwa sun nakasa wasu, abin da har yau yake ci mini rai. A Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da kimanin mutum 300 daga wata makarantar mari a Rigasa, Kaduna. Cikin Oktoba gwamnatin Gwamna Ganduje ta rufe makarantun mari na Kano, aka mayar wa iyaye 'ya'yansu.