Daga Make zuwa Gradle: rikicin ƙara wa injin gini sabon aiki

Kafin rubutun mai tsara manhaja ya zama abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, sai an fassara fayiloli, an haɗa su, an gwada, an ƙunshe. A 1976 Stuart Feldman na Bell Labs ya ƙirƙiri Make domin ya ɗauke wa mutane wannan wahala. Make yana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ya sake gina abin da canjin ya shafa kawai. Mai son ƙara sabon aiki kuwa ba ya neman izinin kowa, umarnin Unix zai rubuta a ƙarƙashin ƙa'ida, shi ke nan. Sai dai umarnin da Solaris ta sani ba lallai Windows ta gane shi ba.

Wannan ne ya tsaya wa James Duncan Davidson a wuya sa'ad da yake aikin Tomcat a kamfanin Sun. Java ta yi alkawarin gudana a kowace na'ura, amma abin da ake gina ta da shi yana ɗaure da tsari guda. Sai ya rubuta Ant, wanda ya fito da cin gashin kansa a ƙarƙashin Apache a 2000.

A Ant, kowane aiki, ko kwafar fayil ne ko fassara rubutu, aji ne na Java, fayil ɗin XML kuma kiran ayyukan kawai yake yi. Wanda bai sami abin da yake nema ba sai ya rubuta nasa ajin da ya gaji Task, ya zuba aikin cikin execute, ya yi masa rajista da taskdef. Daga nan ba a bambance shi da ayyukan asali. Idan ya rubuta wata siffa a XML, Ant da kansa zai nemo hanyar da sunanta ya dace da ita a cikin ajin, ya miƙa mata ƙimar. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ta warware matsalar bambancin na'urori.

Amma ƙofar da aka buɗe domin buƙata, kowa ya bi ta cikinta. Ant-Contrib ya kawo sharaɗi da maimaitawa, wato if da for, cikin XML, harshen da ba a yi shi don haka ba. Fayilolin gini suka kumbura, har a wurare da yawa mutum ɗaya ne ya san kansu; ranar da ya ajiye aiki, sauran su shiga uku.

Maven, wanda sigarsa ta farko ta fito a 2004, ya ja linzami: matakan gini a tsare suke, mai son ƙari ya rubuta cikakken abin jonawa. Gradle ya sake sakin linzamin, ya mai da fayil ɗin gini shiri na sosai a harshen Groovy, inda layi kaɗan suka isa a ƙirƙiri aiki. Sigarsa ta 1.0 ta fito a 2012, Google kuma ya ɗora Android Studio a kansa a 2013.

Shi ma Gradle bai tsira ba. Domin ginin ya yi sauri, sai injin ya san abin da kowane aiki ke karantawa da abin da yake fitarwa. Ma'ajiyar saiti da aka fara gwadawa a 2020, aka tabbatar da ita a siga ta 8.1 a 2023, ta hana aiki taɓa Project yayin da yake gudana. Dole masu ayyukan da aka rubuta a zamanin sake suka koma suka gyara su.