Tarihin Yaƙi da Sankarar Ƙwaƙwalwa

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, wanda ƙari ya tsiro masa a ƙwaƙwalwa ba shi da abin yi sai jinya da haƙuri, domin likitoci ba su da hanyar gane gurbin ƙarin, balle su buɗe ƙoƙon kai su ciro shi. A watan Nuwamba na 1884 ne, a Landan, likita Alexander Hughes Bennett ya lura da farfaɗiya da shanyewar hannun hagu da ke damun wani manomi ɗan shekara 25, ya nuna inda ƙarin yake a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, Rickman Godlee kuwa ya yi tiyata ya tarar da shi a wurin. Manomin ya farfaɗo, sai dai ƙwayoyin cuta sun shiga raunin, ya rasu bayan mako huɗu.

A 1926 Harvey Cushing da Percival Bailey na Amurka suka rarraba nau'o'in giliyoma, wato ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke tallafe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sannan a 1971 na'urar hoton CT ta Godfrey Hounsfield ta ba likita damar ganin cikin kan majinyaci ba tare da an sa wuƙa ba.

Abin da ya fi shafar mai fama da cutar a yau shi ne binciken Roger Stupp da abokan aikinsa na 2005, wanda majinyata 573 masu giliyobilastoma, mafi tsananin nau'o'in giliyoma, suka yarda a gwada magani a jikinsu. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, wato ƙona ƙarin da haske mai ratsa jiki, matsakaicin abin da suka rayu wata 12.1 ne, waɗanda aka haɗa wa da ƙwayar temozolomide kuwa wata 14.6. Majinyacin da ya karanta wannan cikin dare yakan ji gabansa ya faɗi, alhali ma'anar matsakaici a nan ita ce rabin mutanen sun wuce wannan wa'adi, wasu ma da nisa, domin cikin kowane ɗari, masu kaiwa shekara biyu sun tashi daga kimanin 10 da gashi kaɗai zuwa 26 idan an haɗa da temozolomide. Tun daga 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware ƙarin da ke da sauyi a ƙwayar gado ta IDH daga giliyobilastoma, saboda masu shi sukan fi daɗewa a raye, don haka takardar gwajin tsokar da aka ciro ce ke nuna wa majinyaci ko alƙaluman 2005 sun shafe shi.