Hayaniyar Caja da Inbata a Gajeren Zangon Rediyo: Nazarin Yanayin Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda na'urorin sauya wuta masu aiki da kunnawa da kashewa cikin sauri, wato cajar waya, ƙwan LED, inbata da na'urar cajin batirin sola, ke gurɓata matsakaici da gajeren zangon rediyo a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi. An bi hanyar lissafi bisa shawarar ITU-R P.372 da ƙa'idojin CISPR. Abin da lissafin ya nuna shi ne, wayoyin da aka shimfiɗa a gida su ne ke watsa hayaniyar fiye da ita kanta na'urar, kuma tsarin wayar sola a karkara ya yi daidai da tsawon da ke jefa ta cikin mita 49 da 41 da 40.

1.0 Gabatarwa

Dangantakar Bahaushe da gajeren zango tsohuwa ce. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, na DW a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma an daɗe da sanin Rediyon Tarayya Kaduna a kan kilohaz 6090, cikin mita 49. A gefen waɗannan akwai masu rediyon sha'awa, waɗanda ke da lasisin aika saƙo da kansu. Alamar kiransu a Najeriya tana farawa da 5N, a Nijar da 5U, kuma ƙungiyarsu ta NARS mamba ce a ƙungiyar duniya ta IARU da aka kafa a Faris a 1925. Najeriya tana yanki na ɗaya a rabon ITU, inda aka ba su megahaz 3.5 zuwa 3.8, da 7.0 zuwa 7.2, da 14.0 zuwa 14.35. Da mai sauraro da mai aikawa, buƙatarsu ɗaya ce: sararin da ke kusa da eriya ya zama shiru.

A da, karkarar gabashin Kano tana da wannan shirun, saboda dalilin da ba wanda ke alfahari da shi, wato rashin wuta. Garuruwa irin su Kademi da Shagogo a Gaya, ko Toranke da Balare a Ajingi, ba su da masana'antu, kuma wutar KEDCO ba ta wadace su ba. Amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya yi wa talaka nauyi, sola ta shiga shaguna da masallatai da rumfunan masu cajin waya. Ci gaba ne, ba shakka. Sai dai kusan kowace na'ura da ta zo da shi ƙaramar tashar watsa hayaniya ce.

2.0 Tushen hayaniyar

Tsohuwar adafta mai nauyi tana rage wuta da taransifoma a kan kaɗawa 50 a daƙiƙa, don haka ba ta kai wa zangon rediyo. Cajar zamani kuwa tana miƙar da wutar bolt 230 ta koma kusan bolt 325, sannan taransista ya riƙa datse ta sau dubbai a daƙiƙa. Kilohaz 65 na daga cikin saurin da masu ƙera caja suka fi zaɓa, domin ninkinsa na biyu, 130, bai kai kilohaz 150 da ake fara awon hayaniya daga kansa ba. Da wannan dabara taransifoma ya ƙanƙance, asarar wuta ta ragu, farashi ya sauko.

Kuɗin wannan sauƙin yana fita ne ta wani aljihun. Duk wutar da aka datse farat ɗaya tana haifar da ninke-ninke: 130, 195, 260, haka har sama. Ƙarfinsu yana raguwa da desibel 20 a duk ninki goma na kaɗawa, har zuwa wata kwana da saurin datsewar ke tsayarwa, wato 1/(π × lokacin tashi). Daga nan ne raguwar ke komawa desibel 40. Idan taransista yana tashi cikin nanosakan 50, kwanar tana kusa da megahaz 6.4. Ma'ana, matsakaicin zango baki ɗayansa da mita 49 suna ɓangaren da hayaniyar ba ta fara faɗuwa sosai ba.

A ɗauki misalin Kaduna. Ninki na 94 na kilohaz 65 yana faɗawa a 6110, nesa kaɗan da tashar. Amma arhar caja ba ta riƙe saurinta. Zafi da yawan wutar da ake ja suna motsa shi. Idan ya sauko zuwa 64.8, ninki na 94 ya koma 6091, kan tashar ke nan daram. Motsin kilohaz 0.2 a cikin caja ya zama kusan 19 a rediyo. Shi ya sa mai sauraro ke jin ƙarar tana tahowa, ta rufe murya, ta wuce, ta sake dawowa. A zangon mita 40 na masu sha'awa, mai faɗin kilohaz 200, caja ɗaya tana zuba layuka uku. Rumfar caji mai caja hamsin, kowace da nata saurin, ba ta barin gurbi ko ɗaya.

Wasu masu ƙera na'ura suna girgiza saurin da gangan don hayaniyar ta barbazu. Hakan na rage abin da ma'auni mai faɗin kilohaz 9 ke gani, sai na'urar ta ci jarrabawar ƙa'ida. Ga mai neman raunannar murya daga nesa kuwa, fito ne aka mayar masa da shuuu mai faɗi, wadda ba a iya kauce mata da murɗa akwati.

3.0 Hanyar fitarta

Nan ne gundarin maganar. Hayaniyar tana bin waya ta hanya biyu. Ta farko ita ce wutar je-ka-dawo: ta fita ta waya ɗaya, ta koma ta ɗayar. Tunda wayoyin suna manne da juna, abin da ɗaya ta watsa ɗayar na soke yawancinsa. Ta biyu ita ce wutar tafiya-tare: tana bin wayoyin biyu zuwa gefe guda, ta koma ta ƙasa ko bango ko jikin ƙarfe. Ita ba mai soke ta.

Asalinta wani ɓoyayyen kafasita ne da ba wanda ya saka, tsakanin taransista da ƙarfen da ke shanye masa zafi, ko tsakanin naɗi biyu na taransifoma. Idan girmansa fikofarad 20 ne kacal, kuma bolt 325 na sauyawa cikin nanosakan 50, wutar da ke tsallakawa a wannan ƙiftawa ta kai amfiya 0.13. A na'urar kirki, filta ce ke tare ta: naɗin waya biyu a kan zoben farait, da kafasitocin da ake kira X da Y. Duk mai gyaran da ya taɓa fasa arhar caja ya san hoton: an zana wa waɗannan sassa gurbi a allon, amma gurbin babu kowa, ko an haɗe shi da guntuwar waya. Cajar za ta yi caji lafiya lau, don haka mai saye ba shi da abin ƙorafi.

Henry Ott, a littafinsa na 2009 kan zaman lafiyar na'urorin lantarki, ya ba da lissafin ƙarfin abin da irin wannan wuta ke watsawa: E = 12.6 × 10⁻⁷ × f × L × I / r. A ƙaddara maikuro'amfiya 10 ne kawai suka tsira a megahaz 7, a kan waya mai tsawon mita 5. A nisan mita 10 za a sami kimanin maikurobolt 44 a mita; a nisan mita 100, kimanin 4.4.

Sai a kwatanta da abin da sararin ke ɗauke da shi tun asali. ITU-R P.372 ta kasa hayaniyar da ɗan Adam ke haddasawa gida huɗu: birni, unguwar zama, karkara, da karkara mai shiru, galibi bisa awon da Spaulding da Disney suka wallafa a Amurka a 1974. A megahaz 7 lissafinta yana ba da kusan desibel 53, 49, 44 da 29 bi da bi. Na ƙarshen, a faɗin kilohaz 3 da muryar mai rediyon sha'awa ke ci, ya yi daidai da kimanin maikurobolt 0.2 a mita. Ke nan waccan 'yar wutar, ko daga nisan mita 100, ta ninka shirun karkara fiye da sau ashirin. Tsakanin karkara mai shiru da unguwar zama akwai desibel 20, wato ninki ɗari na ƙarfi, ko fiye da maki uku a ma'aunin S da masu sha'awa ke karantawa, inda kowane maki yake desibel 6. Inbata ɗaya marar filta ta isa ta ɗauke ƙauye daga rukunin karkara mai shiru ta kai shi na unguwar zama.

Tsarin gidajen yankin yana ƙara wa abin ƙarfi. Tsawon igiyar megahaz 7 kusan mita 43 ne, rubu'inta kusan mita 11, kuma waya mai rubu'in igiya eriya ce cikakkiya. Daga farantin sola a kan rufi zuwa ɗakin batir, ko daga shagon da ke da inbata zuwa maƙwabcin da ya ja layi ta kan katanga, tsawon da ake samu bai cika yin nisa da wannan ba. Sau da yawa kuma ana shimfiɗa jar waya da baƙa a ware, kowace da hanyarta, sai tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe wa wutar je-ka-dawo ƙofa ita ma. Ga rufin kwano a ƙarƙashin farantin, ga rashin wayar ƙasa a gine-gine da dama, ga busasshen rairayin rani da ba ya karɓar wuta ko an kafa sandar ƙasa.

Dole a yi adalci a nan: da damina, musamman da dare, tartsatsin tsawa a yankin zafi irin namu yakan rinjayi hayaniyar na'urori a ƙasan gajeren zango. Ɓarnar caja ta fi bayyana da rani da kuma da rana. FM, da ke tsakanin megahaz 87.5 da 108, tana can sama inda ninke-ninken suka yi rauni, kuma tsarinta na danne ƙara idan tasha ta yi ƙarfi. Saboda haka mutumin da ke kama tashoshin Kano tangaran, amma gajeren zango ya cushe masa, sai ya ɗora laifin a kan tashar nesa ko tsufan akwatinsa, alhali mai laifin na rataye a bangon ɗakinsa.

4.0 Ganowa da magancewa

Kowace hayaniya da kamanninta. Ta fulogin janareta ƙas-ƙas ce mai bin gudun inji. Wadda ke tashi da hantsi ta lafa da la'asar, ta na'urar cajin sola ce. Wadda ke zuwa da magariba, ƙwan LED ne. Idan akwai gurnani mai kaɗawa 100 a cikinta, na'urar tana shan wuta mai kaɗawa 50 ne, ta layi ko ta inbata. Tazarar da ke tsakanin layukan ƙara kuma ita ce saurin na'urar. Da rediyo mai batir a hannu, ana kashe komai na gida, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Tunda waya ce eriyar, daga kanta ake fara magani, kuma shi ya fi arha. A murɗe jar waya da baƙa tare tun daga faranti har batir, a gajarce su iya yiwuwa. A naɗa wayoyin biyu tare a zoben farait dab da bakin na'urar. Nau'in 31 na kamfanin Fair-Rite ya dace da gajeren zango, kuma a ƙananan kaɗawa ƙarfin toshewar yana bin murabba'in yawan naɗi, don haka naɗi biyar a zobe ɗaya ya fi zobba biyar da aka zura wa waya sau ɗaya. Mai rediyon sha'awa, wanda na'urarsa ke son bolt 13.8 da amfiya ashirin ko fiye idan tana aika wat 100, ya fi masa alheri ya ja wuta kai-tsaye daga batir ya kashe inbata, ya kuma nisanta eriya daga wayoyin gida. Gargaɗi ɗaya ga masu gyara: kafasitan Y yana tsakanin wutar layi da hannun mutum ne, ba a maye gurbinsa da kowane irin kafasita.

5.0 Inda ƙa'ida ta tsaya

CISPR 32 ta iyakance hayaniyar da na'urar gida za ta zuba wa wayar wuta zuwa desibel 56 bisa maikurobolt tsakanin megahaz 0.5 da 5, da 60 daga 5 zuwa 30. Sittin ɗin nan milibolt ɗaya ne, ninki ashirin na maikurobolt 50 da ake kira S9, sigina mai ƙarfi. Ashe ko na'urar da ta ci jarrabawa tana iya damun eriyar da ke kusa da ita, balle wadda ba ta zauna jarrabawar ba. Awon abin da ke tashi ta iska kuma daga megahaz 30 yake farawa, bisa zaton cewa wayoyin na'ura gajeru ne a ƙasa da haka. Wannan zato ya dace da teburin ofis. Bai dace da layin da aka ja daga shago zuwa gida uku a Ajingi ba. IEC 62920 ta 2017, wadda aka yi don na'urorin sauya wutar sola, ita ce ta fi kusa da matsalarmu.

A ganin wannan nazari, ƙofar da ta fi sauƙin tsarewa ita ce ta shigo da kaya, inda hukumar SON ke da tsarin SONCAP, domin kafin caja ta bar kasuwar Farm Centre ko Sabon Gari ta isa Kademi, ba mai iya bin sawunta. Ƙofa ta biyu ita ce horar da masu haɗa sola, tunda murɗe waya biyu ba ya cin ko kwabo. Ta uku awo ne, kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil tana bakin hanyar Gaya. Da na'urar karɓa irin KiwiSDR, mai ganin megahaz 30 na farko a lokaci guda, da gajeriyar eriya a tsaye da aka daidaita, ɗaliban sashen lantarki za su iya auna wuri uku, tsakiyar kasuwar Gaya da unguwar zama da gona mai nisan kilomita biyu daga kowane gida, da rani da damina, dare da rana, su jera sakamakon kusa da rukunai huɗu na P.372.