Jackie Robinson da garin Pasadena: yaron da garinsa ya ƙi, daga baya ya yi masa gunki

Pasadena gari ne a bakin birnin Los Anjeles, a jihar Kaliforniya ta Amurka. A can Jackie Robinson ya girma, baƙar fata na farko da ya shiga babbar gasar besbol ta zamani. Besbol wasa ne da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda a ruga da gudu. A nan Nijar ba mu cika saninsa ba, amma Amurkawa suna ji da shi kamar yadda muke ji da kokowa.

An haife shi ranar 31 ga Janairu 1919 a jihar Jojiya. A 1920 mahaifiyarsa Mallie ta kwashe ƴaƴanta biyar zuwa Pasadena, suka zauna a titin Pepper, inda maƙwabta farar fata suka yi ta neman su tashi. Wurin wanka na gari rana ɗaya tak a mako ake buɗe wa baƙaƙe. Yayansa Mack ya ciyo lambar azurfa a tseren mita 200 na wasannin Olimfik na Barlin a 1936, bayan Jesse Owens. Da ya dawo gida, sharar titi ya samu.

Jackie ya buga shekarar 1946 a Monreyal ta Kanada, inda masu jin Faransanci suka karɓe shi hannu biyu. Ranar 15 ga Afrilu 1947 ya fara wasa da ƙungiyar Brooklyn Dodgers.

Da ya ajiye wasa a farkon 1957, bai koma Pasadena da zama ba. A Stamford ta jihar Konetikat ya yi gida, a can kuma ya rasu ranar 24 ga Oktoba 1972, yana da shekara 53.

Sai a 1997 Pasadena ta kafa manyan kawunan tagulla biyu, nasa da na Mack, daura da ma'aikatar magajin gari. Shekara 25 ke nan bayan rasuwarsa, kuma a ganina jinkirin ya yi yawa. Maraɗi dai ta sa wa filin kokowarta sunan Kantu, wanda ya ci takobin farko a Tawa a 1975.

Fuskar Mack tana kallon ma'aikatar. Ta Jackie gabas take duba, wajen Brooklyn.