Yadda Hanyar Neman Magani Ta Karkata Zuwa Indiya

Yau ina so mu waiwayi tarihin wata tafiya da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wato fita ƙasar waje neman magani mai sauƙin kuɗi. Mu da muke zaune a Sabon Badun, da 'yan uwanmu na Agege da Shagamu, da wuya shekara ta zagayo ba a yi shelar neman taimako a masallaci ba saboda wani da likita ya ce sai an fita da shi. Yawanci ƙoda ce ko zuciya ko ciwon daji, kuma yawanci Indiya ake ambata. Ni a rumfar goron mahaifina na tashi, karatuna kuma iyakarsa sakandare, don haka da idon ciniki na dubi lamarin: yaushe wannan hanya ta buɗe, kuma me ya sa kayan can suka fi araha?

Da farko dai mai karatu ya sani cewa a da ba haka abin yake ba. Asibitin koyarwa na Badun, wanda ake kira UCH, an buɗe shi a watan Nuwamban 1957, kuma daga Sabo da ƙafa ma ana zuwa. Na Legas ya biyo baya a 1962. A 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya a asibitin koyarwa na Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yacoub, likitan nan ɗan asalin Masar da ke aiki a Ingila. Dattawan unguwarmu suna cewa a zamaninsu idan ciwo ya gagara, ƙarshen tafiya shi ne asibitin koyarwa. Ingila kuwa sai manyan gwamnati.

Shekarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce 1983. A ranar ƙarshe ta wannan shekara sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, kuma cikin dalilan da Birgediya Sani Abacha ya karanta a rediyo har da cewa asibitocinmu sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani babu kayan aiki. A cikin wannan shekarar ce kuma wani likitan zuciya mai suna Prathap Reddy ya buɗe asibitin Apollo a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, asibitin kuɗi na kamfani irinsa na farko a Indiya. Wato lokacin da rumfarmu ta fara yoyo, su a lokacin suke kafa tasu.

Daga nan sai tsarin SAP ya zo a 1986. Kafin shi naira ta fi dala daraja, amma zuwa 1987 sai ka ba da kusan naira 4 kafin a ba ka dala guda. Duk na'urar asibiti da maganin da ake shigowa da su suka yi tsada, albashin likita ya zama ba ya kai shi ko'ina. Manyan likitoci da dama suka kama hanyar Saudiyya da Ingila da Amurka. Har ta kai alhaji zai kwanta ciwo a Jidda, ya buɗe ido ya ga ɗan Nijeriya ne ke duba shi.

To, ita Indiya yaya aka yi ta samu araha? Tun 1970 ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar haɗa maganin da Turawa suka ƙirƙiro muddin sun bi wata hanyar haɗi ta daban, kuma a haka aka tafi har 2005. Wannan ya sa magani ya karye a can. A 2001 kamfanin Cipla ya yi tayin maganin ƙanjamau na shekara guda a kan dala 350, alhali a Turai dubbai ake biya. Sai kuma dabarar yawa, wadda duk ɗan sari ya san ta: riba kaɗan, ciniki da yawa. Asibitin Narayana na Dakta Devi Shetty da ke Bangalore yana yin aikin zuciya da yawa a rana guda, har jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a 2009 cewa aikin buɗe zuciya a can kusan dala 2,000 ne, a Amurka kuwa daga 20,000 zuwa 100,000. Baƙo yakan biya fiye da ɗan gari, amma duk da haka tazarar tana da yawa. A 2005 gwamnatinsu ta fito da biza ta musamman don marasa lafiya da masu jinyarsu. Ga likitocin suna jin Turanci, ga shi kuma Bahaushe ya daɗe da sanin Indiya ta fina-finai, sunan ƙasar ba ya ba shi tsoro.

Ba Indiya kaɗai aka nufa ba. Mutanenmu da yawa sun fi son Alƙahira da Khartum, domin a lokacin akwai jirgi daga Kano, ga Larabci, ga abinci na halal ba sai an yi tambaya ba. Sudan kuwa tsohuwar hanyar aikin hajji ce ta ƙasa, kuma akwai Hausawa da suka yi zuriya a can, saboda haka masauki da tafinta ba sa wuya. A 2007 wata ƙungiyar agaji ta Italiya mai suna Emergency ta buɗe cibiyar Salam a gefen Khartum, inda ake aikin zuciya kyauta. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya toshe wa matafiya wannan hanya, kamar yadda annobar korona ta rufe filayen jirgi a 2020, mai kuɗi da talaka kowa ya zauna gida.

A nan ya kamata a raba tafiyar gida biyu. Akwai ta shugabanni: marigayi 'Yar'aduwa ya je Jamus a 2007, ya kwanta a Jidda daga Nuwamban 2009, marigayi Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere a Landan a 2017, kuma a can ya rasu a Yulin 2025. Su tsada ba ta dame su ba. Akwai kuma tamu, ta wanda aka sayar da filinsa na gida, aka haɗa da karo-karon 'yan kasuwa. Abin da ya haɗa biyun shi ne rashin yarda da asibitin gida. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wannan adadi ba.

Kuma araha tana da nata ɓoyayyen lissafi. Mai dashen ƙoda ba shi kaɗai zai tafi ba: dokar Indiya ta 1994 ta hana cinikin sassan jiki, don haka sai ya tafi da wanda zai ba shi, galibi ɗan uwa na jini, da takardun shaida, ga kuma mai jinya. Tikiti uku ke nan, ga hayar ɗaki na makonni, ga la'adar dillalin da ya haɗa shi da asibiti. In ya dawo zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa. Na ga wani abokin cinikin Baba da aka yi wa aiki lafiya ƙalau, amma kuɗin maganin wata-wata ya cinye jarinsa cikin shekara biyu.

Babban abin da ya sauya lissafi shi ne naira. A 2008 dala tana wajen naira 120, wato jinyar dala 10,000 ba ta wuce naira miliyan 1.2 ba, kuɗin da 'yan layin goro za su iya haɗawa cikin mako biyu. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, wannan jinya ta koma naira miliyan 15. Ko da asibitin Indiya bai ƙara ko sisi ba, aljihunmu ne ya huje.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu riƙa tambaya a gida tukuna. Tun shekarar 2000 aka fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas, asibitin Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ko da yake ɗan kasuwa da ke da ita a layinmu sai an tona. Ƙungiyoyinmu na Sabo da suka iya tara kuɗi bayan ciwo ya kwantar da mutum, za su iya tara shi tun yana kan ƙafarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na waje, Ya dawo da matafiya cikin iyalinsu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.