Wahaya: kalma guda a gaban alƙalai

Kalmar wahaya a bakin kakata na fara jin ta, tana zancen wata tsohuwa ta garinsu mai ƙatuwar munduwa ta tagulla a ƙafa. Na ɗauka wata irin kishiya ce. Sai da na shigo jami'a na karanta shari'ar Hadijatou Mani, sannan na gane abin da kalmar ta rufe.

A 1996 aka saida Hadijatou, tana shekara 12, kan kuɗi jika 240, ga wani mutum mai shekara 46 a yankin Ƙonni. Ba sadaki, ba ɗaurin aure. Mai mata huɗu ya ƙaro ta biyar da kuɗinsa: ita ce daka, ita ce gona, ita ce ɗiban ruwa, kuma ya shiga ɗakinta duk sa'ad da ya so. Duka kuwa ba a magana. Shekara tara tana cikin wanga hali, har da haihuwa.

Dokar ƙasa ta maida bauta babban laifi a 2003. Amma ku dubi yadda aka tarbi masu fafutika. Ƙungiyar Timidria, wadda sunanta ke nufin 'yan'uwantaka da Tamashek, ta shirya bikin 'yanta bayi a Inates a watan Maris na 2005. Aka soke bikin, hukumomi suka ce babu bauta a Nijar, shugaban ƙungiyar Ilguilas Weila ya kwana gidan kaso. Wato ba a ma yarda abin yana da suna ba.

Cikin shekarar ne uban gidan Hadijatou ya ba ta takardar 'yanci. Ta ce to, za ta tafi. Ya ce ina! Ai matarsa ce. Nan ne abin ya fi ɗaure mini kai a matsayina na mai nazarin harshe: jiya baiwa, don kar ta shiga lissafin huɗun da addini ya iyakance, yau mata, don kar ta fita ƙofa. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure tun da ba a ɗaura ba. Kotun da ke sama da ita ta rushe hukuncin, ta jingina da al'ada. Da Hadijatou ta auri wanda take so, aka kama ta da laifin aure kan aure, aka yanke mata wata shida a 2007.

Abin da Timidria da lauyoyinta suka yi ya burge ni. Ba su tsaya gardamar wa ya fi wa tsakanin namiji da mace ba, gardamar da mu ɗalibai muke ɓata dare a kanta ba tare da kowa ya sauya ra'ayi ba. Babbar tambayar da suka riƙe ita ce: an biya kuɗi an ɗauki mutum, ko ba a biya ba? Suka kai ƙarar gwamnati kanta gaban kotun CEDEAO, kotun ta zo ta zauna a Yamai, Hadijatou ta tsaya ta faɗi labarinta da bakinta.

Ranar 27 ga Oktoba 2008 alƙalai suka ce bauta ce, kuma ƙasa ta kasa kare 'yarta. Suka umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin.

Da na koma hutu na ba kakata labarin. Ta yi shiru, can ta ce waccan tsohuwar mai munduwa, har ta rasu ba ta taɓa jin an kira ta da sunanta na yanka ba.