Mujiya a kan tebur: tarihin wata kyauta mai fuska biyu

Wata malama Bafaranshiya da ta taɓa ziyartar makarantarmu a nan Cirozerin ta bar mini kyauta ranar da za ta koma gida: ɗan gunkin mujiya na tagulla, wai in ɗora bisa teburin aiki. Na karɓa, na yi godiya. Kwana biyu bayan haka wani dattijo ya zo a kan zancen jikansa, ya yi sallama, idonsa ya faɗa kan tsuntsuwar, sai ya tsaya daga bakin ƙofa. «Malam, me ya kawo wannan ɗakin karatu?» Tambayar tana da tarihi a bayanta.

A wurin mai kyautar, mujiya alamar ilimi ce. Wannan fahimta ta samo tushe daga tsohuwar Girka, inda ake haɗa tsuntsuwar da Atena, allahiyar hikima a addininsu. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa birnin Atina ke buga kuɗin azurfa da siffarta, kuma da Girka ta soma amfani da yuro a 2002, wannan siffa ce aka maido kan kwabon yuro 1. Shi ya sa Bature ke ba malami ko ɗalibi gunkin mujiya da kyakkyawar niyya.

A wurin dattijon kuwa, mujiya tsuntsuwar dare ce, abokiyar mayu, wadda kukanta bisa soro ke sa uwa ta jawo ɗanta jikinta. Harshenmu ma ya riƙe wannan: wanda jama'a ta tsangwama, akan ce an mai da shi mujiya, domin sauran tsuntsaye kan yi mata taron dangi in ta fito da rana.

Sai dai kada mu ɗauka tsoron namu ne mu kaɗai. A ƙauyukan Faransa manoma sun daɗe suna kafe mujiya da ƙusa a ƙofar rumbu don korar sharri, kafin doka ta ba ta kariya a ƙarni na 20. A birnin Dijon kuma, akwai wata 'yar mujiyar dutse a bangon cocin Notre-Dame da masu wucewa ke shafawa da hannun hagu don neman sa'a. An farfasa ta a 2001, aka gyara. Larabawan jahiliyya su ma sun camfa ta, har hadisi ya zo cikin Buhari da Muslim yana kore wannan camfi, bisa fassarar malamai da dama. Ashe ma'anar tana canzawa da zamani, tsuntsuwar kuwa tana nan tana cin ɓerayen da ke ɓarna a lambunan Ayar.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga siffar dabba a jikin dutse. Raƙuman dawan Dabus, waɗanda Christian Dupuy ya sanar da duniya a 1987, magabata ne suka sassaƙa su shekaru dubbai da suka wuce. Maƙeran Abzinawa kuma sun yi ta sassaƙa ƙananan dabbobi da lallausan dutsen Ayar suna sayar wa baƙi, har tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka durƙusar da yawon buɗe ido. Su sun daɗe da sanin cewa kayan ado yana tafiya ne da idon mai saye.

Abin da ke kanmu, malamai da ƙungiyoyin al'adu, shi ne mu koya wa yara fuskokin biyu, kada su raina kakansu don sun karanta Faransanci, kada kuma su jefi tsuntsuwa mai amfani saboda camfi. Ni dai na ɗauke gunkin daga teburin don girmama baƙina. Yana cikin akwatin alli, nakan fito da shi ranar darasin karin magana.